Kwana Casa'in a Jikin Bango

Uthman ya iso Abuja a watan Disambar 1991, a gaban motar da ta kwaso fayilolin ma'aikatarsu daga Legas. Shekara shida ya yi a Kiev ta Tarayyar Sobiyet yana koyon zane, sannan shekara biyu a Legas yana zana wa ma'aikata fostocin allurar rigakafi. Da aka ce gwamnati ta tashi, shi ma ya tashi. Aka ba shi gida mai ɗaki biyu a wani sabon rukunin gidaje kusa da Jabi, daidai inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara.

Ɗaki ɗaya ya sa katifa, ɗayan ya ware wa aiki. Bai taɓa mallakar ɗakin zane nasa shi kaɗai ba, don haka ya shirya wannan yadda aka koya masa, bai rage komai ba. Ya shafe bango da farin fenti. Ya jera buroshi a gwangwanaye, manya daban, ƙanana daban. Launuka suka hau tebur a layi, daga fari har baƙi. Kusurwa ɗaya ya bar ta fayau. Ita ce kusurwar jira.

Malaminsa na Kiev, wani tsoho mai yatsu tara, yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. In ka gama zane, ka juya fuskarsa ga bango, ka lulluɓe shi, kwana casa'in. Ba ka leƙawa, ba ka nuna wa kowa. Tsohon yakan ce ido yana son abin da hannu ya yi kamar yadda uwa ke son ɗanta, sai ya manta da shi tukuna zai iya faɗin gaskiya. Ranar casa'in ka kira masu sana'a irin taka, ku juya shi tare, su faɗa maka abin da suka gani. Uthman bai taɓa karya dokar nan ba, kuma yana alfahari da hakan fiye da takardar shaidarsa.

Mai zane na farko da ya sani a Abuja shi ne Enoch, wanda aka ɗauko ya rubuta lambobin gidajen rukunin. Bagwari ne, ɗan wajen, sana'arsa zana zakuna da dabino a bayan manyan motoci a bakin hanyar Jabi. Ya hango buroshi ta taga, ya yi sallama ya shigo. Ya zagaya ɗakin hannu a baya, ya shinshina fenti, sannan ya tsuguna yana duban ƙafafun tebur.

"Oga, ka sa ƙafafun nan a gwangwani, ka zuba baƙin mai."

"Don me?"

"Gara."

Uthman ya buga ƙasa da dunduniyar takalmi. "Siminti ne."

"Simintin ɗan kwangila," in ji Enoch. "Nan gonar doyar babana ce. Inda kake tsaye ɗin nan akwai suri, ya fi ni tsawo. Katafila ta ture shi. Kan surin kawai ta cire, uwar garar tana ƙasa."

Don kada ya zama ya raina mutum, Uthman ya yanka gwangwanayen madara bakwai, huɗu na tebur, uku na abin ɗora zane, ya zuba baƙin man da Enoch ya kawo masa daga gareji. Warin ya dame shi kwana biyu, daga nan ya saba. A ransa maganar tebur ce, kuma an gama ta.

Bayan gidan akwai wata ɗorawa da katafila ta ƙyale. A watan Maris, da 'ya'yanta suka nuna, Uthman ya fara ganin wani tsoho yana zuwa da gora da buhu, ya kaɗa, ya tsince, ya zauna a gindinta har rana ta karkata. Enoch ya ce babansa ne, Baba Kure. An kwashe ƙauyensu zuwa wajen Kubwa, amma tsoho ya ce an biya shi gona, ba a biya shi itace ba.

Fuska ce irin wadda mai zane ke jira shekaru. Uthman ya fito da kyamara, tsoho ya ɗaga gora.

"Ba ya yarda," Enoch ya ce. "Ko masu katin zaɓe gudunsu ya yi. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya."

"To in da hannu ne fa?"

Enoch ya juya maganar zuwa yarensu. Tsoho ya daɗe yana kallon hannayen Uthman, sannan ya amsa da Hausarsa ta kasuwa. "Na'ura tana ɗauka, ba ta tambaya. Kai ka tambaya. Ka yi."

Zama goma sha ɗaya suka yi a gindin ɗorawar. Babu yadin zane a Abuja ta lokacin, sai Uthman ya ɓalle katakon wani akwatin da aka kawo fayiloli a ciki, ya goge shi, ya shafa masa mannen fata da alli, shafi biyar, yadda aka koya masa. Ya fara da zanen gawayi a takarda, sun fi talatin, kafin ya taɓa fenti. Tsoho ba ya motsi, ba ya magana, sai dai in ƙuda ya dame shi. Ranar da aka gama ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce a nuna masa.

Uthman ya yi masa bayanin dokar. Enoch ya fassara yana kallon ƙasa.

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Doya ma wata bakwai take yi a ƙasa. Zan jira."

A yammacin nan Uthman ya tattara zanen gawayin duka a kwali, don kada ganinsu ya riƙa tuna masa, ya ajiye a kusurwar jira. Ya jingina allon a kan kwalin, fuska ga bango, ya lulluɓe da zanin gado. Ya rubuta kwanan wata a jikin bango da fensir.

Damina ta sauka. Ya ci gaba da aiki a ɗakin kullum bayan tashi daga ofis, bayansa ga kusurwar. Wani lokaci da la'asar, in ruwa ya ɗauke gari ya yi tsit, yakan ji wata 'yar ƙara, ƙis-ƙis-ƙis, kamar ana murza yashi. Ya ɗauka kwanon rufi ne ke hucewa.

Ranar kwana hamsin da uku Enoch ya buga ƙofa da sassafe, rigarsa jiƙe sharkaf. Bai shigo ba.

"Baba ya tafi jiya."

Uthman ya yi masa ta'aziyya. Da gaske ya ji mutuwar.

"Mama ta ce a kawo hoton a ajiye gaban akwatin gawa, mutane su gani. Wuni ɗaya, oga. Ni zan ɗauka, ni zan dawo da shi."

Uthman ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin katako. Ya ce fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, ga ruwa, ga hanyar Kubwa. Duk gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne yana tsoro. Bai san ko zanen ya yi kyau ba, kuma ba ya son ya fara sanin hakan a gaban mutum ɗari biyu da suka san fuskar tun kafin a haife shi.

"Saura kwana talatin da bakwai," ya ce.

"Gawa ba ta jiran kwana talatin da bakwai."

"Na sani. Amma in na ba ku yanzu, abin da bai kammala ba zan ba ku. Ku yi haƙuri. Naku ne, babu inda za shi."

Enoch ya dube shi, ya dubi ɗorawar, ya juya cikin ruwa. Uthman ya je jana'izar, ya tsaya daga baya. A gaban akwatin, gorar tsohon suka ajiye.

Kwana casa'in ya faɗo ranar Lahadi. Uthman ya share ɗaki, ya dafa shayi, ya jera kujeru uku. Ya gayyaci Enoch, ya gayyaci Juliet, abokiyar aikinsa a ma'aikata, haifaffiyar Kaduna, gwana a zanen fentin ruwa, mai bakin da ba ya ragawa kowa. Ita ta fara isowa. Ta tsaya tana kallon launukan da ke jere a tebur.

"Kwamared, ɗakin zane ne wannan ko ɗakin tiyata? Ina ake zubar da fenti a nan? Mutum ya ji tsoron yin atishawa."

"Zauna, Juliet."

"Wata uku kana ba mu labarin tsohon nan. In na ga ya fito kamar Baturen Rasha da aka shafa wa shuni, wallahi zan faɗa."

"Don haka na kira ki."

Enoch ya iso bayan tashi daga coci, kuma ba shi kaɗai ba. Wata tsohuwa ƙarama na biye da shi, da ɗankwalin zumuntar matan coci, rungume da sabuwar atamfa a naɗe. Mahaifiyarsa ce, Hansatu. Atamfar don naɗe hoton ta kawo ta.

Uthman ya durƙusa ya gaishe ta. Doka ta ce masu sana'a kaɗai, amma bai iya faɗa ba. Ya fito mata da kujera baranda, ya ce minti goma, Mama, za mu duba mu kira ki.

"Na jira da yawa, ɗana," ta ce. "Minti goma ba komai."

A ciki ya tsaya gaban kusurwar, ya kama zanin gadon ta sama, ya ja. Rabin sama ya biyo hannunsa. Rabin ƙasa ya tsaya a inda yake, manne da jar ƙasa, ya zama kamar raga.

Juliet ta ajiye kofin shayi.

Bayan allon yana nan lafiya lau, sumul, har da tambarin ma'aikata na akwatin. Uthman ya kai hannu.

"Kada ka ɗaga!" Enoch ya riƙe masa wuyan hannu. Ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa, a hankali. Ƙarar busasshiyar ƙwarya ta fito. Ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa gefe. Duk ɗaya.

"A ƙasa ka ajiye shi?"

Uthman ya dubi gindin bangon.

"Oga. A ƙasa ka ajiye shi, a kan kwali? Na ce maka uwar tana nan."

"Tebur ka ce."

"To gara ta san tebur ne? Ta yi makaranta?"

Tsakanin allon da bango, inda kwalin yake, yanzu gini ne na jar ƙasa, ya taso daga wata 'yar tsaga a gindin bango ya haɗe komai. Kwalin babu shi. Zanen gawayi talatin da wani abu babu su. Enoch ya ce sun cinye katakon ta ciki, sun bar fatar baya da fatar fenti, don su ba sa son haske. Hoton yana nan, in ji shi, amma babu abin da ke riƙe da shi sai ƙasar da suka gina.

Juliet ta buɗe jaka ta ciro madubin hoda, ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. "Kawo tocila, Kwamared."

Ta gefen dama akwai rata da gara ba su toshe ba, faɗin yatsu huɗu. Ta kwanta a siminti da kayanta na coci, ta zura madubin, ta haska. Ta daɗe tana juya shi kaɗan-kaɗan.

"Ka kira mu mu faɗi gaskiya, ko?" Muryarta ta sauka. "Kafaɗar hagu ba daidai take ba, ta yi tsawo. Koren bayan ya yi yawa." Ta ƙara juya madubin. "Idon nan kuwa, ban taɓa ganin ka yi abu kamarsa ba. Ban san ka iya haka ba. Shi ke nan abin da zan ce."

Ta tashi ta miƙa wa Enoch. Ya kwanta a wurin. Shi bai juya madubin ba, wuri ɗaya ya tsayar da shi. Uthman yana kallon bayansa yana hawa yana sauka.

"Shi ne," Enoch ya ce. "Haka yake kallon mutum in ya san ƙarya kake yi."

Uthman ya karɓa ya kwanta. Ya ga kunne. Ya ga ƙasa. Ya ga gefen hanci, da gara farare suna gudu daga hasken a kan kumatu. Ya ga idon. Kamar aikin wani ne, wani da ya fi shi. Ya so ya ga fuskar gaba ɗaya, madubin ba ya ɗaukar fiye da ido guda.

"Minti goma ya yi?"

Hansatu ce tsaye a bakin ƙofa da atamfarta. Enoch ya yi mata bayani da yarensu, gajere. Ta miƙa wa Juliet atamfar, ta dafa kafaɗar ɗanta, ta sauka a kan gwiwoyinta da ƙyar. Suka riƙe mata madubi, suka riƙe tocila, suka gwada nan, suka gwada can.

"Duhu nake gani," ta ce. "Idona ba na ƙaramin abu ba ne yanzu. Ku juya shi."

"Mama, in muka juya zai iya zubewa."

"In ba ku juya ba fa?"

Kowa ya san zuwa Lahadi mai zuwa ko idon ba zai rage ba.

Suka yi shawara irin ta masu sana'a, kowa da dabararsa. Juliet ta ce a manna takarda mai laushi a fuskar ta riƙe fentin, amma hannu ba ya shiga. Uthman ya ce a Kiev akwai masu wannan aikin, da allurai da kakin zuma, suna ɗaukar wata shida. Enoch ya dube shi kawai. A ƙarshe suka bi ta Enoch: a yanke ginin ƙasar daga bango da wuƙar haɗa fenti, a hankali, a kwantar da allon ta baya a kan atamfa, mutum uku, hannu shida.

Kusan awa ɗaya suna yanka. Gumi na ɗiga daga haɓar Uthman. Da ƙasar ta saki bango, suka ƙirga uku, suka fara kwantar da shi. Bai fi nauyin tabarma ba. Ya yi rabin hanya. Hasken taga ya faɗa a kansa, Uthman ya ga goshi, ya ga furfura, sai tsakiyar allon ta lotsa kamar ɓawon ƙwai, komai ya zube ciki da wata 'yar ƙara da ba ta kai tari ba.

Ƙura ta tashi ta kwanta. A kan sabuwar atamfar akwai jar ƙasa, da gara, da ɓarɓashin fenti kamar ƙaiƙayi.

Hansatu tana daga bayansu, jikinsu ya tare ta. "Na ga kai," ta ce. "Ban ga fuska ba."

Juliet ta tsuguna tana tona ɓarɓashin da bakin buroshi. Mafi girman abin da ta samu bai fi ganyen goro ba, kuma kore ne, ganyen ɗorawa. Ta miƙa wa tsohuwar. Hansatu ta kai shi kusa da ido, ta juya, ta mayar mata.

"Wannan itace ne. Itacen yana nan waje." Ta juya ga Uthman. Babu faɗa a muryarta. "Ɗana, hannunka yana nan. Ka yi wani."

"Zan yi, Mama."

"Yi yanzu, ina zaune."

Ya ɗora takarda, ya ɗauki gawayi. Ya ja zagayen kai. Ya sa layin ido. Hannunsa ya tsaya. Ya san tsoho yana da furfura, ya san akwai tabo a wani gefe, amma wane gefe? Ya rufe ido. Ya ga gora, ya ga buhu, ya ga riga mai ruwan toka. Inda fuska take babu komai, sai ido guda a cikin madubin hoda. Kwana casa'in yana hana kansa tunawa, da gangan, duk lokacin da fuskar ta zo ya kore ta. Dokar ta yi aikinta.

"Hancin ya fi haka faɗi," Enoch ya ce daga bayansa. Uthman ya faɗaɗa. "A'a, ba haka ba. Ƙasa-ƙasa." Ya goge, ya sake. "Bakin kuma... ban san yadda zan faɗa ba."

"Karɓi ka gwada."

"Ni zaki na iya, oga."

Takarda huɗu ya ɓata. Ta biyar ta fito da wani tsoho mai kama da Enoch. Aka kai wa Hansatu, ta duba da kyau, ta ce wannan mutumin kirki ne da gani, amma ba ta san shi ba.

Ta sa aka kakkaɓe mata atamfar a waje, ta naɗe ta yadda ta zo da ita. Uthman ya raka su bakin hanya. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi, ta ce ya gaida mutanen gida. Juliet ta tafi tare da su don ta sama musu mota.

Enoch ne ya dawo, shi kaɗai, ya manta hularsa. Ya ɗauka daga kan kujera. A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna ƙafafun tebur da haɓa.

"Man ya kusa ƙafewa. Ka ƙara."

Ya fita. Uthman ya ɗauko tsintsiya. A tsagar gindin bango har gara sun fara sabon gini, ɗanye, tsawon ɗan yatsa.